Gilashi ko Rumfa: Wane Gini Ya Dace da Kasuwar Mota a Kafanchan?

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta nan a shekarun 1920, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, tasha ce ta zama cibiyar ciniki. Da harkar jirgi ta yi sanyi sai kwalta ta karɓi ragama. Cittar Kachia da Kwoi, da fasinjan Jos da Abuja da Kaduna, duk a mota suke tafiya. Wannan ya sa wurin sayar da mota ya fara sauya kama. A da fili ne a bakin titi, a jera motoci ƙarƙashin bishiya, a ɗora jarka a kan rufin wadda ake son sayarwa. Yanzu mai jari yana son katanga da daɓe da ofis, idonsa kuma yana kan gidajen gilashin da yake gani a Abuja. Burin ya dace, amma samfurin da ake hange bai dace da ƙasar nan ba, kuma mai saye ne zai biya kuɗin kuskuren.

Tushen sauyin shi ne tsadar mota. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna a 1975, ma'aikacin gwamnati na iya sa ran sabuwar 504. Yau mafi yawan abin da ke kasuwa motocin hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga farkon 2017, sannan a 2023 aka cire tallafin mai, aka kuma saki darajar naira, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Dillalin da ke da motoci goma yanzu dukiya mai yawa ya baje wa rana da ruwa, dole ya nemi inda zai adana ta. Mai saye ma da zai fitar da miliyoyi yana son ya san inda zai dawo idan matsala ta taso, domin wanda ya jera mota a bakin titi yau, gobe yana iya tashi. Ga kuma waya. Ciniki da yawa daga hoto yake farawa a Facebook da WhatsApp, kuma mota a kan tayil mai sheƙi ta fi ɗaukar ido.

Sai dai ginin gilashi yana da asalinsa. A Turai ya bunƙasa, inda kamfani irin Citroën ya buɗe ɗakin baje koli a babban titin Faris tun shekarun 1920. Can ƙasar sanyi ce, ana maraba da rana idan ta shigo ɗaki, wutar lantarki ba ta yankewa, motar sabuwa ce, kamfanin da ya ƙera ta yana tsaye bayan ginin. A kudancin Kaduna kuwa, bangon gilashin da ya fuskanci yamma yana tara zafi kamar tanda a watannin Maris da Afrilu. Sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da janareto, shi kuma sai da man da ya yi tsada. Hunturu ya zo da ƙura, kullum ana goge gilashi. Damina ta zo da ruwa mai ƙarfi, wanda a gindin duwatsun Kagoro ya fi na Kano da Katsina yawa, ta nemi duk wata kafa da magini ya bari. Waɗannan kuɗaɗe ba sa tsayawa a aljihun mai gini, a kan farashin mota suke sauka. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda ake sayen motar hannu. Mai saye yana zuwa da bakanikensa, a buɗe bonet, a tayar da inji, a duba hayaƙin salansa, a leƙa ƙarƙashi, a fita da ita gwaji. Rufaffen ɗaki ba ya ɗaukar hayaƙi, kuma ba a shirya shi don wannan bincike ba. An yi shi don kallo, alhali cinikin nan na taɓawa ne.

Wani zai ce gilashi yana jawo amana, yana ɗaga darajar gari, kuma barin mota a fili ya fi muni, tunda rana tana cin fenti, tana fasa robar gaban mota. Gaskiya ne fili tsirara ba mafita ba ne, kuma babu mai son Kafanchan ta tsaya a inda take. Amma amana a wannan kasuwa daga takardun kwastam na gaskiya take fitowa, da lambar jikin mota da ta yi daidai da ta takarda, da mazaunin da ba ya gushewa. Gini zai iya taimaka wa wannan ba tare da ya zama akwatin zafi ba. Doguwar rumfa mai tsayin rufi da faɗin baki tana tare rana da ruwa, iska kuma tana ratsawa. Rufin nan zai ɗauki farantan sola, ya kuma tara ruwan sama na wankin mota. A gefe a haƙa ramin duba ƙarƙashin mota. Gilashi ya tsaya a ƙaramin ofis inda ake zama a kan takardu da lissafi, ɗakin da fanka ma za ta wadatar. Masu cewa tsaro ya fi samuwa a rufaffen gini su tuna cewa gilashi shi ne abu na farko da ke fashewa idan gari ya rikice. Katanga mai ƙarfi da ƙofa ɗaya da fitila sun fi shi kare dukiya.

Akwai kuma haƙƙin gari, wanda ya fi ƙarfin dillali ɗaya. Wurin sayar da mota yana son bakin babbar hanya, kuma idan ba a ja shi baya ba, motocin talla suna cinye hanyar masu tafiya a ƙasa, masu saye su tsaya a kan kwalta. Idan aka shafe fili duka da siminti, ruwan damina ba shi da wurin nutsewa, sai ya kwarara gidan maƙwabta. Nan ne aikin hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, yake. Kafin ta ba da izinin gini ya kamata ta nemi a nuna mata tazarar gini daga titi, da wurin tsayawar baƙi, da magudanar ruwa, da inda baƙin mai zai tafi. Garuruwa irin Kafanchan da Zonkwa da Kwoi suna da damar da manyan birane suka riga suka rasa, domin har yanzu akwai fili, kuma yawancin gine-ginen ba a kai ga yin su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda zai zuba jarinsa a tubali bana, ya fara tambayar maginin ta ina rana ke faɗuwa, ina ruwa zai bi, ina kuma bakanike zai kwanta.