Wayar Intanet ko Layin SIM: Wanne Ya Dace da Ɗan Kasuwar Mafara?

A ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma garuruwa irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun sai ƙarshen Nuwamba. Babu kira, babu data, babu alat na banki.

Duk wanda zai ba ɗan kasuwar wannan yanki shawara kan waya, daga nan ya kamata ya fara. Yanzu ana ta tallar tsarin kira ta intanet, wato VoIP, ana cewa ya fi layin SIM arha da tsari. Akwai gaskiya a ciki, sai dai yawancin masu tallar suna magana ne kan ofisoshin Legas da Abuja.

Yadda VoIP ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Manhaja ce ke mayar da murya ƙananan ƙunshin data, ta tura su ta intanet, a can a sake haɗa su. Kiran WhatsApp ma haka yake. Bambancin tsarin da ake sayar wa kamfanoni shi ne lamba ɗaya tak ake ba kasuwanci, ma'aikata biyar ko goma su riƙa amsa ta a wayoyinsu ko a kwamfuta. Ana iya naɗar kira, a ga wanda ya kira ba a ɗauka ba, a kuma sa muryar nan mai cewa a danna 1 ko a danna 2.

A ɗauki dillalin shinkafa da ke saye daga manoman Bakolori, yana da yara huɗu: ɗaya a shago, ɗaya a wurin casa, biyu a kan hanya. Babbar matsalarsa ba kuɗin kati ba ce. Matsalar ita ce lambar da abokan ciniki suka sani ta yaron shago ce, da lambar NIN ɗinsa aka yi mata rajista. Ranar da suka saɓa, yaro ya tafi da layinsa, ya tafi da masu saye na Sakkwato da Gusau gaba ɗaya. A nan VoIP ya yi zarra: lambar ta kasuwanci ce, idan ma'aikaci ya bar aiki sai a rufe asusunsa, shi ke nan.

To amma daga ina intanet ɗin zai fito? A Mafara, kusan kowa datarsa daga turken MTN, Airtel ko Glo take zuwa, turken da kiran SIM ke bi. Wanda ya sayi VoIP ya ɗora shi a kan data bai samu hanya ta biyu ba, hanyar dai ɗaya ce, ya ƙara mata kaya. Kiran SIM yana shiga ko da sabis ya sauka zuwa 2G. Kiran intanet kuwa ba data mai yawa yake ci ba, kiran murya na WhatsApp bai cika kai megabait ɗaya a minti ba, amma yana son sabis marar tangarɗa. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya kada ya wuce milisakan 150. Da ya zarce haka sosai, sai a fara "kana ji na?", mutum biyu suna magana a tare. Ranar Talata, da kasuwa ta cika kowa ya hau turke ɗaya, lokacin da ciniki ya fi zafi ke nan, kuma lokacin ne data ke rarrafe.

An ga wani misalin a 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Najeriya, manhajojin banki suka yi ta gardama. Kiran SIM daga Mafara zuwa Bakura ba ya bi ta teku, amma VoIP da uwar garkensa ke Turai dole ya bi.

Sannan akwai mai saye. Manomi a ƙauyen Maradun mai ƙaramar waya mai tocila lambar 080 ko 070 ya sani, yakan yi filashin ya jira a kira shi. Saƙon banki da lambobin USSD na tura kuɗi su ma a kan SIM suke. Kamfanonin VoIP na waje kuma da dala suke caji, kowane ma'aikaci da kuɗinsa duk wata. Ba su da tabbas na har abada: Microsoft ta rufe Skype a Mayun 2025, masu lamba a can sai da suka nemi wani wurin.

Ga shago mai mutum biyu zuwa biyar, abin da ya fi shi ne mai kasuwanci ya sayi layi da sunansa, ko da sunan kamfani idan yana da rajistar CAC, ya sa shi a wayar shago wadda ba ta kwana a gidan kowa. A ɗora WhatsApp Business a kai, tunda ana iya haɗa asusu ɗaya da ƙarin na'urori huɗu. Don kiran juna tsakanin ma'aikata, a tambayi kamfanin waya tsarin CUG, inda ake biyan kuɗi tsayayye a wata a yi ta kira a cikin rukuni. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan lissafin ya ƙara muhimmanci. Layi na biyu kuma ya kasance na wani kamfanin daban.

VoIP na cikakken tsari ya dace da asibiti mai zaman kansa, makaranta, ko kamfanin casar shinkafa mai ofis, inda kira ke shigowa da yawa a lokaci guda. Ko su ma sai sun tanadi sola da intanet wanda bai dogara da turke ba, kamar Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Kafin a biya kuɗin shekara, a nemi gwajin mako guda, kuma a tabbata ranar Talata na cikin kwanakin gwajin.