Rusau da faɗaɗar birnin Kano: Ina makomar gonakin karkara?

Taƙaddamar da ake yi kan filaye da gine-gine a jihar Kano ta wuce batun shaguna da kasuwannin cikin birni. Yayin da birnin ke ƙara faɗi, rigimar tana bin manyan hanyoyi zuwa karkara, inda gona ita ce babbar dukiyar da akasarin magidanta suka mallaka.

Ga manoman ƙananan hukumomi irin su Makoda da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, tambayar ita ce: wa ke da iko da ƙasa, kuma me doka ta tanadar wa mutumin da aka karɓe gonarsa?

Yadda rusau ya soma

A ranar 3 ga watan Yunin 2023, kwana biyar bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka rushe wani bene mai shaguna 90 a Filin Sukuwa da ke unguwar Nassarawa.

A kwanakin da suka biyo baya aka rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da suka kewaye Filin Idi, da kuma shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina a 2017 domin bikin cikar jihar shekara 50 da kafuwa.

Sabuwar gwamnatin ta ce waɗannan wurare na jama'a ne, kuma gwamnatin Dr Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta cefanar da filayen makarantu da masallatai da maƙabartu da gefen badala ba bisa ƙa'ida ba.

A nasu ɓangaren, jami'an tsohuwar gwamnati sun musanta zargin. Sun ce an yi gine-ginen ne ta hanyar haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa, kuma an bi matakan da doka ta shimfiɗa.

Waɗanda suka sayi shagunan kuwa cewa suka yi su da hukuma suka yi ciniki, kuma takardun da ke hannunsu hukuma ce ta ba su.

A watan Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar da ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira miliyan dubu 30. A watan Disamba na shekarar ɓangarorin biyu suka sasanta kan naira miliyan dubu 3.

Darasin da masu filaye da dama suka ɗauka shi ne, takardar da wata gwamnati ta bayar, wata na iya zuwa ta ce ba ta san zancen ba, sannan kuma diyyar da kotu za ta yanke daga aljihun jama'a za a biya ta.

Birnin da ya fi ƙarfin taswirarsa

A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano ba su kai dubu 150 ba. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, suna da mutane kimanin miliyan 2.8. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa adadin ya haura miliyan 4.

Babban tsarin da aka fi saninsa shi ne wanda wani Baturen Ingila, B.A.W. Trevallion, ya jagoranci zanawa, na shekara 20 daga 1963 zuwa 1983. Masana tsara birane sun sha kokawa cewa tun da wa'adinsa ya ƙare, birnin ya ci gaba da girma ba tare da wani cikakken tsarin da ake aiki da shi ba.

Hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, wadda a da ake kira KASEPPA, ita ce ke da alhakin amincewa da taswirar gini da kuma shafa jan fenti a jikin wanda ya saɓa ƙa'ida. Sai dai fulotan da gwamnati ke yankawa ba sa isar masu nema.

Wannan giɓi ne ya haifar da abin da Kanawa ke kira awon igiya. Mai gona ko dillali yakan yanka gonar gida-gida, ya sayar, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a matsayin shaida.

Tunda kowane taku na ƙasar kuɗi ne, da wuya a bar titi mai faɗi, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta da asibiti. Bayan shekaru, idan gwamnati ta zo fitar da hanya, sai ta tarar dole sai an rushe gidajen mutane.

A cikin birni ma an cike kududdufai da dama an yi gini a kai, alhali nan ne ruwan sama ke taruwa. Lokacin da ambaliya ta shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022, 'yan kasuwa da dama sun ɗora laifin kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa.

A wa'adin mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya gina sababbin rukunan gidaje uku a bayan gari, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, domin rage cunkoso. Amma gidaje da yawa a cikinsu sun daɗe babu kowa, yayin da unguwannin awon igiya suka ci gaba da cika.

Me doka ta ce?

Tun kafin zuwan Turawa malamai sun yi rubutu kan mallakar ƙasa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya wallafa littafi kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba a raya ba.

Turawan mulkin mallaka sun sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna da dokar 1910, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta tsarin da dokar 1962. A kan wannan tubali ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗora Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta shafi Nijeriya baki ɗaya.

Dokar ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne kawai.

Ta kuma raba ƙasa gida biyu. Ta birni tana ƙarƙashin gwamna kai tsaye, ta karkara kuma tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sai dai gwamna ne ke da ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, kuma da zarar ya yi hakan, ikon ƙaramar hukuma kan filayen yankin ya kau.

Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke haƙƙin mutum idan maslahar jama'a ta buƙaci hakan, kamar gina hanya ko makaranta ko asibiti. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wajibi ne a ba mai filin sanarwa, kuma ba a karɓe filin wani domin kawai a miƙa wa wani ya yi harkar kansa.

Inda aka fi samun saɓani shi ne batun diyya. Sashe na 29 bai tanadi biyan kuɗin ƙasar kanta ba, sai abin da aka raya a kanta: gini, ko rijiya, ko amfanin gona, ko itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da tsamiya da mangwaro.

Ke nan manomin da aka karɓe gonarsa da rani, bayan ya kwashe gero da dawa da gyaɗa, abin da za a ƙiyasta masa kaɗan ne, ko da kuwa gonar ce ke ciyar da gidansa tun zamanin kakanni. A 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sake duba farashin diyyar amfanin gona da itatuwa, wanda rabon da a taɓa shi tun 2008.

A Kano an saba, idan gwamnati ta yanka fulotai a gonakin jama'a, takan ba masu gonakin wani kaso na fulotan. Masu sukar tsarin na cewa manoma da yawa kan sayar da rabonsu da araha ga dillalai, kuɗin ya ƙare, a wayi gari babu gona babu fili.

Abin da ya faru a Rimin Zakara

Rikicin ƙauyen Rimin Zakara da ke ƙaramar hukumar Ungogo ya nuna yadda irin wannan saɓani ke iya tsananta.

Shekara kusan 40 ana jayayya tsakanin mutanen ƙauyen da Jami'ar Bayero kan filin da aka ware wa sabon mazaunin jami'ar. Jami'ar na cewa filinta ne, mazauna yankin kuma na cewa ba a sallame su yadda ya kamata ba.

A farkon watan Fabrairun 2025 ma'aikatan rusau suka shiga ƙauyen da dare tare da rakiyar jami'an tsaro. An yi arangama, rahotanni kuma suka ce mutum huɗu sun rasa rayukansu. Daga baya Gwamna Abba Kabir Yusuf ya je garin ya yi wa iyalan mamatan ta'aziyya.

Lokacin da aka shata filin jami'ar, yankin karkara ne sosai. Shekarun da aka ɗauka ba a warware batun ba sun isa a haifi yara, su girma, su yi aure, su gina nasu gidajen a kan ƙasar da ake jayayya a kanta.

Me ya shafi Makoda?

Ƙaramar hukumar Makoda, mai hedikwata a Koguna, tana arewa da birnin Kano, kuma har yanzu yankin noma ne. A ƙidayar 2006 tana da mutane sama da dubu 220 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 441, wato kimanin mutum 500 a kowace murabba'in kilomita.

Irin wannan cunkoso ne ya ja hankalin masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Ya bayyana yadda manoma ke nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba, suna riƙe ƙarfinta da taki, da yadda jakuna ke kai itace birni su dawo da takin bola.

A irin wannan yanki kusan kowace gona tana da mai ita, kuma rabon gado na ƙara tsinka gonaki daga tsara zuwa tsara.

Wannan na da muhimmanci, domin sashe na 6 na dokar 1978 ya ce idan aka karɓe gonar mutum a karkara, ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. A inda babu sauran daji, cika wannan tanadi abu ne mai wuyar gaske.

Manyan ayyuka kuwa sun riga sun doshi arewacin jihar. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya bi ta Dambatta, maƙwabciyar Makoda, kafin ya wuce Kazaure da Daura.

Akwai kuma aikin titi mai tsawon kilomita 5 a kowace ƙaramar hukuma, wanda gwamnatin Kwankwaso ta faro, aka kuma farfaɗo da shi bayan 2023. Kasuwar hatsi ta Dawanau da rukunin gidajen Bandirawo su ma sun ja gine-gine zuwa hanyar Katsina.

Duk inda titi ko tasha ta sauka, farashin ƙasa kan tashi, dillalai kuma kan riga hukuma isa wurin. Manomin da ya ga an taya gonarsa kuɗin da ba zai samu a noman shekaru ba, da wuya ya ƙi sallamawa.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, sashe na 36 na dokar ya hana yanka gonar karkara zuwa fulotai. Haka kuma takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu ba ta kai matsayin takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba. Idan rikici ya tashi, mai saye da mai sayarwa duka na iya tsintar kansu cikin asara.

Ina mafita?

Kano ba ita kaɗai ke fama da wannan matsala ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar Maroko, inda aka ƙiyasta mutum dubu 300 sun rasa matsuguni. An kuma yi gagarumin rusau a Abuja lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan babban birnin tarayya, daga 2003 zuwa 2007.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tayar da jama'a sun buƙaci a tuntuɓi mutanen da abin ya shafa, a ba su isasshen wa'adi, a tanadar musu diyya ko wani matsuguni, kuma kada a yi aikin da dare. Sashe na 44 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya wajabta biyan diyya ba tare da jinkiri ba.

Masu nazarin tsara birane na ganin cewa sauƙin aikin yana cikin riga gini zuwa: a shata manyan hanyoyi da magudanun ruwa da filayen makarantu tun wurin yana gona, a kuma keɓe ƙasar noma da fadamun da ba za a yi gini a kansu ba.

Suna kuma kira da a sauƙaƙa rajistar gonaki a matakin ƙaramar hukuma, domin manomi ya samu takardar da zai iya nunawa a kotu. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da aikin sabunta takardun shaidar mallaka ta hannun hukumar KANGIS, sai dai aikin ya shafi waɗanda dama suke da takardun ne, alhali akasarin gonakin karkara ba su taɓa shiga rajista ba.

Sauya dokar 1978 ba abu ne mai sauƙi ba, domin sashe na 315 ya sanya ta cikin tsarin mulki, kuma gyara ta na buƙatar amincewar majalisun tarayya da na kashi biyu cikin uku na jihohi.

Amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan shawarar inda birnin Kano zai tsaya da inda gonaki za su soma tana hannun gwamnatin jihar da majalisar dokokinta.