Layin Dogo a Jikin Bango

A Faransa, dattijo da furfurarsa yakan shafe shekaru yana shimfiɗa layin dogo a ɗakinsa, da tasha da gada da ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki. Abin ya daɗe: mujallar masu wannan sha'awa, Loco-Revue, tana fitowa tun 1937, kamfanin Jouef kuma da aka kafa a 1944 ya cika gidaje da ƙananan taragai.

Matsalar mutumin Faris ita ce wuri. Doka ta yarda a ba da hayar ɗaki mai murabba'in mita 9, irin ɗakunan 'yan aiki na da a ƙarƙashin rufin benaye. Ina za a kai babban tebur? Sai a koma ga bango, a kafa kanta ta zagaye ɗakin. Ɗaki mai mita 3 kowane gefe zai ba da layi na kusan mita 12, ga gado ga kujera ba a taɓa su ba.

Amma kafin a kira kafinta, jirgin ake fara aunawa. Ɗauki TGV, jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya fara jigila tsakanin Faris da Liyon a 1981: tsawonsa mita 200. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, ya zama mita 2.3, kusan bango guda ke nan. A ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, mita 1.25 ne kawai. Ni dai a ganina mai ƙaramin ɗaki da ya nace wa HO ya haƙura da TGV, ya nemi gajeren jirgin kaya.

Kusurwa ce ke cin wuri. Kanta mai faɗin santimita 30 ta wadatar a miƙe, amma jirgi ba ya shan kwana kamar ɗan acaɓa. Dogayen taragai na son lanƙwasa mai faɗi, mai nisan santimita 50 zuwa 60 daga tsakiyarta, in ba haka ba su yi ta sauka daga layi. Dole kantar ta ƙara faɗi a kowace kusurwa, amma kada ta wuce inda hannu ke kaiwa, don ƙura na hana wuta shiga ƙafafun jirgin, sai ana goge layin.

Ƙofa fa? Ko a yi gada mai ɗagawa, wadda ke yanke wutar layin da zarar an ɗaga ta, ko a ɗora kantar sama da ƙofar, wajen mita 2.1. Na biyun ya dace da tsofaffin gidajen masaƙan siliki na unguwar Croix-Rousse a Liyon, masu rufi kusan mita 4, sai dai daga ƙasa gefen jirgin kawai za a gani, gyara kuma sai da tsani.

Bangon ma a ƙwanƙwasa shi. Na dutse zai riƙe, amma na allon filasta yana buƙatar maƙalai na musamman. Ƙasan tsofaffin gidaje bai cika daidaita ba, don haka da ma'aunin ruwa na magina ake ja layin kanta. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita.

Mai son ganin abin da faɗin wuri ke iya yi, akwai wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na Mini World a Vaulx-en-Velin, gefen Liyon, da aka buɗe a 2016, shi ma a ma'aunin HO.