Gwajin Linux a kwamfutar gida da batun haruffa masu ƙugiya

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda iyali ke iya gwada Linux a kwamfutar gida, da abin da gwajin ke haifarwa ga mai rubutun Hausa. Mun ɗauki misalin gari irin Isawan, a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi. A irin wannan wuri, in an tarar da kwamfuta a gida, yawanci tsohuwa ce ta gwanjo, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce: malamin makaranta na shirya darasi da ita, ɗansa ɗan kwaleji na koyon bugu, da dare a kalli fim in batir bai ƙare ba.

Abin da Faransawa ke kira système d'exploitation, mu za mu kira shi tsarin sarrafa na'ura: shi ne ke haɗa ƙarfen da sauran manhajoji. Tsofaffin na'urorin nan da Windows suke zuwa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, sa'an nan ya rufe kulawar yau da kullum ta Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Windows 11 kuwa ba ya yarda da yawancin tsofaffin na'urori. Ke nan mai gida na da zaɓi uku: ya sayi sabuwa, ya ci gaba da tsarin da ba a ƙara toshe masa kafa, ko ya sake tsari.

2. Linux da yadda ake gwada shi

Linus Torvalds, ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, shi ya fitar da ƙwayar Linux a 1991; aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Akwai ire-irensa da yawa: Debian (1993), Ubuntu (2004), Linux Mint (2006). A nan sai mu ɗan tsaya a kan kalma. An saba fassara logiciel libre da « manhajar kyauta », amma kyauta na nufin gratuit ne kawai, wato ba a biya ba. Abin da lasisin ya bayar ya wuce haka: izinin amfani, da duba yadda aka ƙera manhajar, da gyara ta, da raba ta ga maƙwabci. Don haka mun fi son « ƴantacciyar manhaja ».

Gwajin ba ya bukatar a shafe komi. Ana zuba tsarin a kile USB, a tada na'ura daga kilen, a duba ko allo da sauti da wifi na aiki. In an cire kilen, Windows na nan yadda aka bar shi. Wahalar tana wajen saukewa: Linux Mint ya kusa jigabait 3, abin da ke cinye kuɗin intanet na waya. Gara wanda ya je Maraɗi ko Tasawa ya sauko da shi sau ɗaya, kile guda ya zaga gidaje; lasisi ya halatta. A kuma lura cewa na'urorin da suka tsufa ƙwarai, masu bit 32, Debian 12 na karɓarsu, amma Debian 13 na 2025 ya bar fitar musu da kayan girkawa. Wani alheri: ƙwayoyin cutar da ke yawo a kile daga shagon buga takardu zuwa gida, don Windows aka yi su, ba sa tashi a Linux.

3. Haruffa masu ƙugiya

A ganinmu, nan ne gwajin ke ci ko faɗuwa. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda ma'aikatar ilimi ta tsayar a watan Oktoba na 1999, tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙugiyar tana rarrabe ma'ana:

(1) baki « bouche » / baƙi « noir »
(2) kafa « établir » / ƙafa « pied »
(3) bari « laisser » / ɓari « fausse couche »

A shekarun 1990 ana samun waɗannan haruffa ne ta hanyar zubin haruffa na musamman, wanda ke ɗora ƙ a gurbin wata alama. Da takarda ta koma wata na'ura maras wannan zubi, sai ƙ ta rikiɗe ta zama alamar da ba ta da ma'ana. Unicode ya kashe wannan matsala, domin kowane harafi na da lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Zubin DejaVu da ke zuwa da Linux na ɗauke da su duka. Mai nazarin harshe da ke son ɗora karin sauti bisa dogon wasali zai fi jin daɗin Charis SIL ko Doulos SIL, waɗanda su ma ƴantattu ne.

Saura bugawa. Linux na da jerin maɓallai mai suna Hausa, sai dai an tsara shi don Nijeriya, bisa jerin QWERTY na Amurka, alhali hannun ɗan Nijar da AZERTY ya saba. Yaron da ya danna inda ya ga A ba zai sami a ba, ga shi kuma ya rasa é da è da yake bukata a aikin Faransanci. Haka ma saitin yanki ha_NG: kuɗinsa naira ne. Wannan ya nuna inda masu aikin sa kai suka fito, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya zo aikin gayya shi ke yanke inda za a fara noma.

Dabara biyu ke akwai ga mai AZERTY. Ta farko, a danna Ctrl da Maj da U tare, a buga lambar harafin, a danna tazara. Tana aiki a mafi yawan manhajoji, amma babu mai rubuta shafi goma da ita. Ta biyu ita muke shawarta: a zaɓi maɓalli ɗaya a mai da shi maɓallin haɗi (Compose), a rubuta layi takwas cikin ɗan fayil mai suna .XCompose, huɗu na ƙananan haruffa, huɗu na manya, ta yadda maɓallin haɗi da k da wata alama za su ba da ƙ. Fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, ana iya kofe shi a kilen da ke zaga gidaje.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Takardun Hausa za su ƙaru, kuma wanda ya buga k' ko k tsura a maimakon ƙ, na'ura ba za ta gano kalmarsa ba ranar da aka neme ta. Abin da sashen nazarin harshe zai iya yi shi ne tsara jerin maɓallai guda bisa AZERTY, mai ɗauke da haruffan Hausa da na Fulfulde (ɓ, ɗ, ƴ, ŋ) da ə na Barbarci da Tamajak, ya miƙa shi ga masu kula da xkeyboard-config, inda ire-iren Linux ke ɗibar jerin maɓallansu.