Riƙo da Saki: Yadda Ake Ƙera Abin Harba Katantanwar Wasa

 Yau ƙasar Japan muka nufa, kuma abin da ya kai mu ɗan ƙarami ne, ana iya dunƙule shi a tafin hannu: katantanwar wasa, wadda ake murzawa ta yi ta juyi a kan tsininta. Tambayar da za mu bi ita ce, yaya ake ƙera abin da zai riƙe ta daram a daidai lokacin da ake harba ta, don kada ta sauka tana tangaɗi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasan katantanwa, ko ta bawon dodon koɗi ko wadda yara suka riƙa haɗawa da murfin biro. Yaran Japan ma da bawon suka fara. Tun zamanin da ake kira Edo, wanda ya ƙare a 1868, suna samun bawon wani dodon koɗi na teku, su yanke shi, su cika cikinsa da yashi ko darma don ya yi nauyi, su naɗa masa zare su wurga. Sunan wasan beigoma. Daga baya aka koma zuba ta da baƙin ƙarfe, garin Kawaguchi da ke arewa da Tokyo, wanda ya shahara da maƙeran zubi, ya zama cibiyar yin ta. Faɗinta kamar santimita 3 ne. Filin wasan kuwa bokiti ne da aka ɗaure wa tamfol a baki, tsakiyar ta ɗan lotsa, yara biyu ko fiye su wurga nasu a kai, wadda aka fitar waje ta faɗi.

Beigoma tana da wahala guda: ba ta da sanda a tsakiya. Babu inda za a kama ta da yatsu a murza. Dole a ƙulla zare ƙulli biyu, a ɗora a jikinta, a bi da naɗi zagaye bayan zagaye daga tsini zuwa sama, kuma da zarar hannu ya ɗan yi sako-sako naɗin ya warware, sai a sake daga farko. Bayan naɗi ga wurgi, wanda sai an miƙa hannu a kwance an fizgo shi baya a daidai lokaci. Yaro kan daɗe yana koyo kafin tasa ta tsaya a kan tamfol.

A 1999 kamfanin kayan wasa na Takara ya fitar da Beyblade. An sake wa katantanwar fasali, aka yi ta da roba da ƙarfe, gunduwa-gunduwa yadda mai ita zai iya kwancewa ya sauya. Amma a ganina babban abin da ya sa ta bazu a duniya shi ne ɗan akwatin da aka haɗa ta da shi, wato abin harbawa. Da shi yaron da bai taɓa riƙe katantanwa ba zai iya tayar da ita a gwajin farko. Takara ya haɗe da kamfanin Tomy a 2006, kuma tun daga nan an yi sababbin zubi a 2008 da 2015 da 2023, kowanne da irin abin harbawarsa.

(Gajeren kiɗa)

To, me ya sa harbawa ke da wuya haka? Sai mu duba abin da ke tsayar da katantanwa tun farko. Abu mai juyi da sauri ba ya son a karkatar da layin da yake juyawa a kai. Idan ta ɗan karkata, nauyinta yana jan ta ƙasa, amma maimakon ta kife sai kanta ya shiga zagaye a hankali. Gwargwadon saurin juyinta, gwargwadon jinkirin wannan zagaye. Akwai kuma motsi na biyu, wani ɗan gyaɗa kai da take yi sama da ƙasa a cikin zagayen, shi kuwa yawanci daga bugu ko fizga yake samuwa. Idan komai ya daidaita sai ta miƙe tsaye cak kamar ba ta motsi, har masana su ce ta yi barci.

Kada ƙanƙantar abin ta sa a raina shi. Manyan masana lissafi sun sha fama da shi: Leonhard Euler, da Joseph-Louis Lagrange, da Sofia Kovalevskaya, 'yar ƙasar Rasha da Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba lambar yabo a 1888 saboda aikinta kan juyin abu mai tauri. Wasu Jamusawa biyu, Felix Klein da Arnold Sommerfeld, sai da suka cika littafi juzu'i 4 a kan katantanwa, daga 1897 zuwa 1910.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk kariyar da katantanwa take da ita daga juyi take samun ta. A lokacin harbawa kuwa juyin bai kankama ba, kuma a wannan lokacin ne ake yi mata fizga mafi ƙarfi, daga gefe guda. Hannun dama na jan zare, hannun hagu na ƙoƙarin hana akwatin bin zaren. Idan layin da ake ja bai bi ta inda hannun hagu ya riƙe ba, akwatin zai tuntsura kaɗan, katantanwar ta bar hannu a karkace, kuma da wannan karkata za ta sauka. Masu kaɗi sun san wannan tun kaka da kakanni: ƙasan mazari yana dogare a wuri guda, yatsu na tallafe da samansa, gululu na ba shi nauyi, shi ya sa yake juyi ba ya lilo. Wuri biyu na riƙo, nesa da juna, shi ne tushen aikin.

Don haka mai ƙera abin harbawa da sandar tsakiya yake farawa. Ana so a riƙe ta a wuri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da boris ko da rami mai santsi wanda ya yi mata daidai. Dalilin nisanta su lissafi ne mai sauƙi. A ce akwai sako-sako na kashi 1 cikin 10 na milimita a ramin. Idan tsakanin wuraren riƙon milimita 5 ne kacal, sandar za ta iya karkata fiye da digiri 1. Idan aka mayar da tazarar milimita 30, wannan sako-sakon bai kai ya ba da rabin digiri ba. Wurin da zare ko haƙora za su ja kuma ya fi kyau ya faɗa tsakanin wuraren riƙon biyu, ba can waje da su ba, don jan ya rabu a kansu.

Daga nan sai mariƙi. Ba don ado kamfanin ke sayar da mariƙi na daban da ake ɗaura wa akwatin ba. Yatsu biyu ba sa iya tare fizgar hannu guda, amma dunƙulallen hannu na iya. Mariƙi mai kyau yana kawo hannun kusa da layin jan, sannan nauyinsa na rage rawar akwatin.

Abin ja kuwa iri biyu ne. Akwai doguwar roba mai haƙora da ake zurawa ta cikin akwatin, tana kama wani ƙaramin faifai mai haƙora tana juya shi. Akwai kuma zare da ke naɗe a ciki, wanda sifirin ke mayarwa da kansa bayan an ja. Robar tana da sauƙi da araha, amma tana lanƙwashewa idan aka ajiye ta a naɗe, lanƙwasar kuma na sa ta goga a bakin rami. Zaren ya fi laushin ja, sai dai yana tsinkewa, sifirin ɗin ma yana gajiya.

Akwai wani abokin gaba da ido ba ya gani, wato rashin daidaiton nauyi. Idan cibiyar nauyin katantanwa ta kauce daga layin juyi, tana jan sandar gefe a kowane zagaye, kuma ƙarfin jan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauri: a ninka sauri sau 2, shi ya ninku sau 4. Mu ɗauki misali. Katantanwa mai nauyin giram 40, cibiyarta ta kauce da rabin milimita, tana juyi sau 6,000 a minti. Ƙarfin da zai riƙa fizgar ta gefe ya kusa nauyin giram 800, wato ya ninka nauyinta kanta sau 20. Rabin milimita fa. Wannan ne ya sa mazaunin da katantanwa ke shiga a jikin akwatin dole ya tura ta tsakiya da kansa, ko ta hanyar baki mai siffar mazurari ko ta ƙugiyoyi da aka raba daidai a kewaye.

(Gajeren kiɗa)

Mun zo wurin da ya fi kowanne wuya, kuma inda na fi jinjina wa waɗanda suka ƙera abin: saki. Riƙo da ƙarfi kowa na iya shirya shi, a ɗaure da ƙusa a huta. Amma wannan abin ana so ya riƙe tamau yayin da ake ja, sannan cikin ƙiftawar ido ya saki gaba ɗaya, ta kowane gefe a lokaci guda. Idan ƙugiya ɗaya ta makara da saki, ko da ɗan mitsitsin lokaci ne, to ita ce za ta yi wa katantanwar bugun ƙarshe, kuma daga nan gyaɗa kan da muka ambata ke farawa. Duk wahalar da aka sha wajen daidaita sanda da mariƙi ta tafi a banza.

Dabarar da aka yi a Beyblade ita ce a bar juyin ya yi sakin da kansa. A ƙasan akwatin akwai ƙugiyoyi biyu ko uku, gwargwadon samfuri, masu shiga ramuka a saman katantanwar. Siffarsu ta sa muddin su ne ke tura ta gaba, tana maƙale. Da zarar robar ta fice ko zaren ya ƙare, sai faifan ya tsaya cak. Ƙugiyoyin sun tsaya, katantanwar kuwa nauyinta bai yarda ta tsaya ba, sai ta ci gaba da juyi ta zame daga kansu ta faɗo. Babu maɓallin da yaro zai danna, balle ya danna shi a makare. Kuma sakin yana zuwa ne a ƙarshen ja, daidai lokacin da sauri ya kai ƙololuwa.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. A jihar Kelantan ta ƙasar Malesiya manya ne ke wasan, da wata katantanwa mai faɗi da ake kira gasing, wadda nauyinta kan kai kilo 4 ko fiye, an zagaye bakinta da ƙarfe. Su sun raba aikin gida biyu. Mutum ɗaya ya naɗa igiya ya wurga da dukan ƙarfinsa, na biyu yana durƙushe da siririn katako a hannu, ya kwashe ta tana cikin juyi ya ɗora a kan wani ɗan turke mai santsi, inda takan haura awa guda tana juyi. Ƙarfi na wurin wani, daidaitawa na wurin wani. Abin da akwatin roba ke yi a Japan, mutum biyu ke yin sa a can.

Akwai wata muhawara da ya kamata mai ƙira ya tsaya a kanta. Ana iya kafe abin harbawa a kan ƙafafu, a ɗaure shi da tebur, ya riƙa sakin katantanwa a tsaye sak kowane lokaci. Ga mai gwaji da ke son ya san wace katantanwa ta fi wata daɗewa, wannan shi ne daidai, domin sai an cire bambancin hannu kafin a ga bambancin kaya. Haka ma ga ƙaramin yaro, ko wanda hannunsa ke rawa, ko mai hannu ɗaya, kuma ina ganin waɗannan sun cancanci a tuna da su tun a takardar zane. Amma a fagen gasa ƙwararrun 'yan wasa da gangan suke karkatar da akwatin, don katantanwa mai faffaɗan tsini ta riƙa ratsa tsakiyar fili tana kai hari maimakon ta yi ta kewaye a baki. Na'urar da ta hana wannan ta kashe rabin wasan. Abin da ake so ta kawar shi ne karkatar da mai wasa bai nufa ba, ta bar masa wadda ya nufa.

Ga ɗalibi ko kafinta da ke son gwadawa, ba sai an nemi injin kamfani ba. Tsohuwar cibiyar ƙafar keke ta gaba tana ɗauke da boris biyu a nesa da juna da sanda a tsakiya, rabin aikin ke nan. A kafa ta a tsaye a jikin katako mai mariƙi, a naɗa zare a saman sandar kusa da boris, a yi wa ƙasanta ƙugiyoyi masu gangara. Tazarar da katantanwa za ta faɗo kada ta yi yawa, domin tsalle a kan fili ma yana haifar da tangaɗi. A goge duk wani kaifi, a kuma kawar da fuska daga saman fili, don ƙarfen da ke juyi da irin wannan sauri idan ya ɓalle yana iya illata ido.

Wajen gwaji, a ɗiga alama da biro a daidai tsakiyar saman katantanwar, a ɗauki bidiyo da waya, irin wanda ke rage saurin motsi, wanda a wayoyi da dama yake ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa guda. Idan ɗigon ya zana da'ira tun katantanwar na jikin akwatin, matsalar tana mazauni ko sanda. Idan yana tsaye sai bayan saki ya fara rawa, a koma kan ƙugiyoyi da fayil, a goge wadda ke makara, a sake gwadawa, kuma a riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.