Amsar Wasiƙa: Akwatunan Tarho Biyu Sun Ƙi Jin Maganar Juna

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto cewa ƙungiyarsu tana da ofis a kasuwa, da wani a wajen sito. Kowane ofis da nasa akwatin raba kira, wato na'urar da ke karɓar kira ta miƙa shi teburin wanda ake nema, amma ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Da aka haɗa su, wani lokaci kira ya ƙi shiga, wani lokaci ya shiga amma ba a jin murya. An ce masa sai dai a sayi sabo. Shin haka ne?

To Alhaji, kada ka yi gaggawar zubar da kuɗinku. Sau da yawa ba lalacewa ba ce, bambancin harshe ne kurum.

Ka san kafin ciniki sai an yi sallama an amsa. To haka tarho yake. Kafin murya ta wuce, akwatin farko zai shaida wa na biyu cewa ga kira, ga lambar da ake nema. Shi kuma ya amsa cewa tana ƙara, ko an ɗauka, ko ana kan layi. Waɗannan saƙonni su ake kira sigina, kuma kamfanoni da dama kowa da irin tasa.

Shi ya sa aka fito da harshe na bai ɗaya. A Ingila an yi DPNSS a shekarun 1980. Sai QSIG, wanda ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a shekarun 1990. Yau kuwa an fi amfani da SIP, wanda ya fito a 1999, shi ta hanyar intanet yake bi.

Ga abin da za ka sa mai gyara ya duba. Na farko, a saita duka biyun kan harshe ɗaya. Na biyu, in layin E1 ne ya haɗa su, mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, dole ɗaya ya zama jagora, ɗaya mabiyi. In kowa ya ce shi ne jagora, ba za a daidaita ba. Na uku, ma'aunin murya: Turai da Afirka A-law ake bi, Amurka da Japan kuwa mu-law. Kamar mudu ne, kowace kasuwa da nata, sai an yarda da guda. Na huɗu, a SIP hanyar sigina daban, ta murya daban, don haka ana iya buɗe ɗaya a bar ɗaya a toshe. Abin da kan sa waya ta yi ƙara amma a ji shiru ke nan. Na biyar, kada lambar teburi ɗaya ta kasance a ofisoshin biyu.

In kuwa ɗayan bai iya harshen ba sam, akwai ƙaramar na'ura da ake sawa a tsakani ta yi musu tafinta. A tambayi kuɗinta tukuna kafin a yi maganar sabo.

Da fatan mun gamsar da kai. Sai mun ji daga gare ku.