Ɗa Ba Abin Sayarwa Ba Ne: Kira Ga Ƙananan Hukumomin Ƙasar Gumel

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san irin arzikin da Allah ya ajiye a bakin iyakarmu da Nijar, na shanu da raƙuma da tumaki. To, amma wannan hanya da ke kawo dabbobi, ta cikinta ake fitar da 'yan Adam. Dillalai kan yaudari 'yan mata da samari da alkawarin aiki, su tsallakar da su zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sai Sahara, sai Libiya ko Aljeriya. Sau da yawa jami'an shige da fice na Jigawa sun tare irin waɗannan matafiya a wannan iyaka.

Ƙarshen tafiyar kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake gwanjon baƙar fata a Libiya.

Hukuncin wannan a shari'a a fili yake. Imamu Buhari ya ruwaito hadisin da ya sanya mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ma ya yi fatawa a 1615 cewa bautar da 'yantaccen Musulmi haramun ne, har ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulunci.

Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane, watau NAPTIP, a 2003, aka kuma sabunta dokarta a 2015. Dokar ta tanadi cewa wanda aka yi fataucinsa, in hali ya nuna haka, ba za a tsare shi ko a gurfanar da shi don rashin takardun tafiya ba. Ta ba shi haƙƙin mafaka da magani da neman diyya, ta kuma hana a tona sunansa. Abin tambaya shi ne, yarinyar da ke zaune a tasha tare da dillalin da ya riƙe kuɗinta da wayarta, ina ta san wannan? Dillalin ya riga ya gaya mata cewa in ta buɗe baki kurkuku za ta.

Nan ne aikin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin su ne gwamnatin da talaka ke gani da idonsa. Muna kira gare su da su yi dokokin da za su wajabta manna sanarwa a kowace tasha da kasuwa da asibiti da masauki, da boko da ajami, ɗauke da lambar wayar hukumar da bayanin haƙƙin wanda aka zalunta. A sa sankira ya yi shela ranar kasuwa saboda wanda bai iya karatu ba. A keɓe jami'i guda a sashen jin daɗin jama'a wanda direba ko mai unguwa zai kai wa rahoto ba tare da tsoro ba. Hakimai da dagatai da limamai su mara musu baya.

Ku kuma 'yan kasuwa da ma'aikata, in yarinya ta kuɓuta ta dawo gida, kada a tarbe ta da gori. Gorin nan shi ke rufe bakin saura, dillali ya ci gaba da cin karensa ba babbaka. Ku tuna aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya 'yanta wuyaye cikin wuraren da ake kai zakka. Wanda ya ba irin wannan yarinya jari, lalle ya taimaka wajen kwance wuya.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya sa mu dace, amin.